BMW 335i 'Yar Beljiyom a Zariya: Lissafin Mai da Ɗawainiya Bayan Shekara Uku

Tun da na fara hawa wannan mota a tsakiyar shekarar 2022, tambayar da aka fi yi mini, ko a gidan mai ko a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, ita ce ko tana shan mai. Tana sha, kuma zan kawo lissafin dalla-dalla, domin tun ranar farko na ajiye ɗan littafi a aljihun motar ina rubuta kowace lita da na zuba da kowane kilomita da na yi. Amma abin da littafin ya nuna mini bayan shekara uku shi ne, man fetur ɗawainiya ce da mutum yake hangowa ya yi mata shiri. Abin da ke shammatar mai irin wannan mota shi ne kayan gyaran da farashinsu ke bin dala, da kwanakin da motar ke yi a ajiye ana jiran a kawo su. Na rubuta wannan sharhi ne saboda samarin da nake gani suna zagaya irinta a wajen dillalai, sun ga kuɗinta bai kai na Corolla mai tsabta ba, sun ɗauka garaɓasa ce ta faɗo musu.

Motar BMW 335i ce ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu, samfurin da ake kira E90, giyarta otomatik mai hawa shida, kuma ƙafafun baya ne ke jan ta. Daga Amurka aka shigo da ita, ko da yake a bakin dillalanmu duk motar da ta ƙetaro ruwa 'yar Beljiyom ce, kuma lokacin da na saye ta agogonta yana nuna mil 95,000, wato kimanin kilomita 153,000. Injinta shi ne N54, mai silinda shida a jere, girmansa lita 3, da turbo biyu (na'urorin da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), yana ba da ƙarfin doki 300, kuma shi ne ya ci kyautar gwarzon injin duniya a 2007 da 2008. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa ba ta cika daƙiƙa 6 ba. Wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Funtuwa, inda titi ɗaya ne mai zuwa da mai dawowa, zai gane amfanin wannan ƙarfi: da zarar hanya ta buɗe, taɓa totur kaɗan ya isa ka wuce ka koma hannunka, ba ka daɗe a hannun masu tahowa ba. Sitiyarinta yana da nauyi daidai, tana riƙe titi a kwana, birkinta kuma ba ya gardama. A wannan fanni ba ni da abin da zan kushe ta da shi, kuma har yau ban hau motar da ta fi ta daɗin tuƙi ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta wa wannan mota mil 17 a kan galan ɗaya a cikin gari, da mil 26 a babbar hanya, wanda idan aka juya shi zuwa ma'auninmu ya kama kusan kilomita 7 a lita a gari, da kilomita 11 a hanya. Lissafin hanya na same shi daidai. Idan na tashi daga Samaru na bi ta Kwangila na miƙi hanyar Kaduna, na tsaya a kan gudun kilomita 100 da doka ta kayyade wa ƙananan motoci a babbar hanya, kilomita 11 nake samu a lita, wani lokaci da 'yan kai idan da sassafe ne ban kunna esi ba. Zuwa Kaduna da dawowa, da ɗan zirga-zirgar da ba a rasa ba a cikin gari, lita 16 zuwa 17 ke ishe ni. Kano kuwa, zuwa da dawowa, lita 28 ce ko kusa da haka. Ga injin da ke da ƙarfin doki 300, wannan ba abin ƙorafi ba ne ko kaɗan, kuma dalilinsa a fili yake: a giya ta shida injin yana juyawa ne a hankali, turbo ba sa wani aiki mai yawa, motar tana tafiya kamar ba ta san tana da ƙarfi ba.

A cikin gari ne labari ya sha bamban. Ban taɓa ganin kilomita 7 ɗin da aka rubuta ba. Daga Samaru zuwa Kongo da safe, ta Kwangila da PZ, ga Keke Napep suna tsayawa inda suka ga dama, ga tuddan rage gudu da dole sai ka kusa tsayawa cak kafin ka hau su saboda motar ta yi ƙasa, abin da nake samu yana tsakanin kilomita 5.5 da 6. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa maƙura kuma ba a iya kashe esi, yakan sauka zuwa 5. Mafi muni shi ne gajeriyar tafiya, kamar kai yara makaranta ko leƙawa kasuwar Samaru, domin injin da bai yi zafi ba yana zuba mai fiye da kima, kuma kafin ya daidaita ka riga ka isa ka kashe shi. Na kuma gwada, sau ɗaya tak, na sake mata ƙafa a hanyar Kano bayan an sabunta titin, sai na ga kwamfutar motar ta sauko ƙasa da kilomita 8 a lita. Ban maimaita ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi, domin hanyoyinmu akwai shanu da masu babur da masu tsallakawa a ƙafa.

Kafin in rage mata aiki bara, a wata guda ina yin kusan kilomita 1,000, wajen 700 a cikin Zariya, sauran 300 a hanya, kuma hakan yana cin lita 150 ko kusa da haka. Lokacin da na sayi motar, farashin hukuma bai kai naira 200 a lita ba, don haka man wata bai kai naira 30,000 ba, tankinta mai lita 61 kuma ƙasa da naira 12,000 ke cika shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500 a nan Arewa, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Farashin yana hawa yana sauka tun bayan da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, amma idan muka ɗauki naira 1,000 don sauƙin lissafi, tanki ɗaya naira 61,000 ne, man wata kuma naira 150,000, wanda ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 fiye da sau biyu. Corollar da nake da ita kafin wannan, mai inji 1.8, lita 95 ke yi mata wannan zirga-zirgar. Bambancin lita 55 ne a wata, lita 660 a shekara, kuma wannan shi ne kuɗin da nake biya don jin daɗin ƙarfin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka wannan ɓangare bai taɓa ɓata mini rai ba.

Akwai wani batu game da man kansa da mutane da yawa ke ruɗewa a kai. A murfin tankin irin wannan mota da aka ƙera don Amurka za a ga an rubuta 91, wato lambar octane mai nuna darajar man da injin ke buƙata, dillali kuma zai ce ai man Najeriya ma 91 ne, don haka babu matsala. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Na Amurka ana kiransa AKI, namu kuma RON ne, kuma 91 a ma'aunin Amurka ya yi daidai da kusan 95 a namu. Ke nan injin yana shan man da bai kai wanda aka tsara masa ba. Ba ya lalacewa nan take, domin akwai na'urorin da ke sauraron ƙwanƙwasar inji, da sun ji ta sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi, amma sakamakon haka ƙarfi yana raguwa, shan mai kuma yana ɗan ƙaruwa, musamman da tsakar rana a lokacin bazara. 'Yan kwalaben da ake sayarwa a ce suna ƙara wa mai ƙarfi na gwada su na wata biyu, littafina bai nuna wani bambancin da ya kai kuɗinsu ba, sai na daina. Abin da na riƙe shi ne gidajen mai biyu da na yarda da su, kuma ba na bari allura ta sauka ƙasa da kwata, don kada famfon cikin tanki ya yi zafi ko ya jawo dattin ƙasa. Sau ɗaya, a lokacin wahalar mai, na sayi galan biyu a hannun 'yan bumburutu a bakin titi. Kafin in isa Hanwa motar ta fara shaƙewa tana kakkarwa, sai da aka sauke man gaba ɗaya aka canza fulogi shida. Ƙaramar mota mai tsohon inji za ta iya haɗiye irin wannan mai ta wuce, amma injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi ba ya yafe gurɓataccen mai.

Juyen baƙin mai shi ne abu na gaba da ya bambanta ta da motocin da muka saba. Injin yana ɗaukar lita 6.5, kuma dole ya zama baƙin mai na zamani mai ɗauke da amincewar BMW da ake kira Longlife-01, wanda ke nufin galan ɗaya ba ya isa, sai an ƙara da ƙananan robobi. Kwamfutar motar takan bari a kai har kilomita 24,000 kafin ta nemi juye, amma wannan tsari ne na ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba. Ni a kilomita 7,000 nake juyewa, matatar iska kuma ina canza ta da zarar hunturu ya wuce. Motar ba ta da sandar auna baƙin mai da ake zarowa a duba, sai dai a karanta a allon gaban direba bayan inji ya yi zafi, kuma wannan ya sa dole mutum ya tsaya a kan wanda ke yi masa juye. Jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa, turbo kuwa da baƙin mai suke rayuwa.

A kan bakanike na fi shan wahala a shekarar farko. Zariya akwai ƙwararrun masu gyaran Toyota da Honda da Peugeot da Golf, amma masu na'urar da ke karanta kwamfutar BMW da kyau ba su da yawa. Wanda na fara kai wa, mutumin kirki ne kuma ya daɗe a sana'ar, da ya ji fanka na yawan tashi sai ya ce mini, "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan kawai, na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa." Haka ake yi wa motoci da yawa a garejojinmu, amma a wannan injin famfon ruwa na lantarki ne, kwamfuta ce ke sarrafa shi tare da tamostat ɗin, wato abin da ke daidaita zafin inji, kuma injin da aka hana shi kaiwa zafin da aka tsara masa zai yi ta zuba mai kamar yanzu aka tayar da shi. Na ba shi haƙuri na ɗauke motata. Daga baya wani abokin aiki ya haɗa ni da wani matashi a Kaduna wanda motocin Jamus kaɗai yake gyarawa, kuma tun daga nan duk aikin da ya wuce juye da birki can nake kai ta. Sai dai mai lissafi ya tuna cewa kowace kai mota gyara Kaduna lita 16 ce ta mai da yini guda na aiki, kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya.

Shi wannan matashi ne ya zaunar da ni ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan ta haura shekara goma sha huɗu, kada mu jira abu ya mutu a hanya." Da shawararsa na canza famfon ruwa da tamostat tun suna aiki, domin famfon lantarki ba ya yin gargaɗi kamar na bel, tsayawa yake yi farat ɗaya, kuma injin da ya yi zafi fiye da kima a tsakanin Jaji da Zariya asararsa ta ninka kuɗin famfon sau da yawa. An canza robobin da suka bushe suna yoyon baƙin mai, na murfin saman inji da na mazaunin matatar mai. An kuma buɗe hanyar shigar iska an kankare baƙin da ya taru a kan bawul, wanda halin duk injin da ke fesa mai kai tsaye ne, tun da man ba ya bi ta kansu balle ya wanke su. Bayan wannan aiki na ga ƙarin kusan rabin kilomita a kowace lita a cikin gari. Mai niyyar saye kuma ya sani cewa a shekarar 2010 kamfanin ya yi kiranyen motoci kusan 130,000 masu wannan injin a Amurka saboda famfon mai mai matsin lamba, kuma ya tsawaita garantinsa zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Wannan wa'adi ya ƙare tuntuni, don haka duk wanda nasa ya mutu yanzu daga aljihunsa zai biya. Alamarsa ita ce mota ta daɗe tana kukan tashi da safe kafin ta kama.

Kayan gyaran nan kusan babu wanda ake samu a Sabon Gari ko Tudun Wada a rana ɗaya. Wani a Panteka ta Kaduna, wani a Ƙofar Ruwa ta Kano, mafi yawa kuwa sai an aika Ladipo a Legas, ko a yi oda daga waje. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, abin da na saya a shekarar farko ya ninka sau biyu zuwa uku. Ga kuma zaɓin da kullum ke gaban mutum: sabo mai tsada, ko na Beljiyom da aka ciro daga motar da ita ma ta tsufa, ko ɗan kwaikwayo mai araha. A kan kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, na taɓa bin araha, cikin wata huɗu biyu daga cikin shida suka mutu, na dawo na sayi na gari, wanda da shi na fara da kuɗina sun zauna a gida. A shekarar da ta fi muni motar ta yi kwana 26 a ajiye, jimillar jira uku, kuma duk kwanakin nan kuɗin bas da Keke Napep na iyali ma yana cikin lissafin motar, ko da yake ba wanda ke tuna shi ranar ciniki.

Taya ma ba ƙaramin abu ba ne. An ƙera motar ne da tayoyin da ake iya ci gaba da tafiya a kansu ko sun yi faci, saboda haka ba ta zo da safaya ba, babu ma gurbin ajiye ta a but. Kafin ta iso hannuna an riga an sa mata tayoyin gama-gari, ke nan babu wancan kuma babu wannan. Tawa mai wili inci 18 ce, na gaba 225/40, na baya 255/35, kuma da yake girmansu ba ɗaya ba ne ba a iya sauya musu wuri don su ci daidai. Na baya su ke fara ƙarewa. Irin wannan taya mai siririn gefe ba ta jure rami: da damina, da daddare, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe a hanyar Giwa, taya ta fashe, wili ya lanƙwashe, kuma babu mai facin da ke da girmanta a kusa. Washegari na sayi safaya da jak na ɗaure a but, suka cinye kusan rabinsa. Wanda zai sayi taya ya duba lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna mako da shekarar ƙira, domin tsohuwar taya a motar da ke da irin wannan gudu ganganci ne da rai.

Takardu ba su da wani bambanci da na kowace mota. Inshorar da doka ta wajabta ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun farkon 2023. Batir a but yake, babba ne, kuma idan an canza shi sai an sanar da kwamfutar motar da na'ura, in ba haka ba cajinsa ba zai daidaita ba. Masu tambaya ko za a iya mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, na bincika na haƙura, domin nozul ɗin da ke fesa mai a irin wannan inji a cikin silinda suke, fetur ɗin da ke bi ta cikinsu ne ke sanyaya su, don haka kayan juyin da ake sa wa motocin haya ba su dace da shi ba, tukunyar kuma ba ta da wurin zama bayan safaya.

Da na tara lissafin shekarar da ta wuce, a kan kowace naira 100 da na kashe a mai na kashe kusan naira 50 a juye da taya da kayan gyara da kuɗin aiki, alhali a zamanin Corolla wannan kaso bai taɓa kai naira 20 ba. Sayarwa kuma wani aiki ne: dillalin da zai raba ka da Toyota kafin la'asar, idan ka kai masa wannan sai ya ce ka bar ta a ga abin da Allah zai yi, domin masu nemanta kaɗan ne kuma duk sun san abin da ke cikinta.

Ga wanda aikinsa ke kai shi Kaduna ko Kano ko Abuja a kai a kai, yana da wata ƙaramar mota ta zirga-zirgar gida, kuma zai iya ware kuɗin tanki ɗaya kowane wata ya ajiye don ranar gyara ba tare da ya taɓa cefane ba, ina ganin motar ta cancanci kuɗinta, kuma zai ji daɗinta ƙwarai. Wanda kuwa ita ce za ta zama motarsa tilo, tafiyarsa ba ta wuce Samaru zuwa Sabon Gari ba, ko kuma sai ya tattara duk abin da ya mallaka kafin ya biya dillali, ba na ba shi shawara. In har ya nace, to ya je ganinta da sassafe kafin a tayar da ita, ya saurari daɗewar tashinta da ƙarar turbo, ya leƙa ƙarƙashinta ya ga ko tana ɗiga, kuma ya biya mai na'ura ya karanta kwamfutarta a gabansa kafin ya ba da ko sisi.

Ni dai tun bara na sayi tsohuwar ƙaramar mota don kai yara makaranta da zuwa Kongo, ita kuma wannan na bar ta ga hanya, sai man da take sha a wata ya sauko zuwa lita 50 ko ƙasa da haka. Aikin da ke gabana yanzu shi ne tayoyin baya guda biyu, waɗanda bakanikena ya ce kada in bari damina ta same ni a kansu, kuma na riga na aika Legas a tambayo farashi.